Babin da Babu Magana

Madina na cikin taksi, an kusa unguwar Tsinga, ta gane ɓarnar da ta tafka. Shekara biyu ke nan tana fassara manga, littattafan zane na Japan, daga Faransanci zuwa Hausa. Sai ta goge maganar da ke bakin kowa, ta zuba tata, ta tura wa 'yan unguwar Briqueterie a WhatsApp. Yau garin sauri, gogaggun shafukan ta tura. Babi guda cur, babu kalma ko ɗaya.

Ta buɗe waya don ta ba su haƙuri. Saƙo talatin ta tarar.

"Allah ya ƙara basira!"

"Hausa sai ke!"

Sai ga kiran Mu'mina, aminiyarta mai hana ta dainawa duk sanda ta gaji.

"Ƙawata, kin kashe ni! Maganar da yaron nan ya faɗa wa uwarsa, wallahi har hawaye na yi."

Madina ta dubi shafin. Ga yaron baki buɗe, filin maganarsa fari fat a samansa, babu rubutu.

Mu'mina ta ƙara da cewa, "Wannan fassarar ta fi duk na baya."