Kurma a Bakin Teku

Tunda ka ce da zarar ka ajiye aiki za ka tattara ka koma ƙasar da ba wanda ya san ka, to gyara zama in ba ka labarin wata mata da mijinta.

Matar nan ba da kurumta aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya kwantar da ita tana tsakiyar shekarunta, da ta tashi sai ta tarar duniya ta yi tsit. Amma harshenta bai mutu ba, kuma a hankali ta koyi ɗaukar magana daga leɓɓan mutane. Unguwa ma ta koya tare da ita. Mahauci ya san sai ya ajiye wuƙa ya fuskance ta kafin ya yi mata ciniki. In an kira salla, maƙwabciya kan leƙo ta katanga ta ɗaga hannu zuwa kunne. A gidan biki mata kan zaunar da ita inda haske yake, don kada hira ta wuce ta. Wani lokaci har mantawa take yi ita kurma ce. Mijinta kuwa a jiragen ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma a yawonsa ya taɓa ganin wani ƙauye a bakin teku, a wata ƙasa mai nisa, inda tsofaffi daga ko'ina ke sayen gida su huta. Farin yashi, bishiyoyin kwakwa, iska mai sanyi. Wurin ya zauna masa a rai, ya kuma iya yaren mutanen. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka da ya ajiye aiki sai ya sayar da rabonsa na gidan gado. 'Yan'uwansa suka yi ta ba shi baki, ya ƙi ji, aka rabu baram-baram.

Ta ce, "Malam, ni can bakin wa zan karanta?"

Ya yi dariya ya ce, "Nawa mana. Ba ga ni ba?"

Haka suka tattara suka tafi. Wurin ya yi kyau yadda ya faɗa, mutanen kuma ba su da mugunta. Suna yi mata murmushi, suna kawo mata kifi da 'ya'yan itace. Sai dai in sun buɗe baki, abin da take gani bai wuce na kifin da aka fitar daga ruwa ba: leɓe na motsi, ba ma'ana. Mai ji yakan tsinci baƙon yare a kunne yau da gobe. Ita ba ta da wannan ƙofar. Kasuwa sai da shi, asibiti sai da shi, ko gaisuwa sai ta juya ta dubi bakinsa ya maimaita mata da Hausa. Duniyarta duka ta koma leɓɓa biyu.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ya faɗi. Da aka dawo da shi daga asibiti a keken guragu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace ya koma gefe guda. Yana iya magana, da nauyi da ja, amma leɓɓan da ta shekara da shekaru tana karantawa sun zama baƙi a gare ta. Ita ba ta yi karatun boko ba, hannun da yake rubutu da shi ma ya mutu. Kullum in ta fito da shi ƙofar gida, sai ya kama wuyan hannunta da hagunsa, ya yi ta maimaita wata magana guda, yana nuna can hayin ruwa. Ta ɗauka teku yake son gani. Sai ta tura keken har inda tayoyinsa ke nutsewa a yashi, ta tsaya tana haki, shi kuwa hawaye na bin kumatunsa. Ciwon ya tafi da yaren mutanen daga bakinsa, Hausa kaɗai ta rage masa. Maƙwabta suna jin abin da yake faɗa sarai, amma ba su san Hausa ba. Ita da ta san Hausa ba ta ji. Haka maganar ta yi ta zagaye a tsakaninsu ba mai karɓa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Da ya rasu, da kyar aka samo wasu masunta Musulmi daga wani gari suka yi masa sutura. Sahu ɗaya bai cika ba. Bayan an watse, wata tsohuwa Baturiya da ke maƙwabtaka da su ta shigo ta zauna kusa da ita. Ta nuna keken da ba kowa a kai, ta nuna kunnenta, sannan ta juyo da fuskarta wajen haske, ta shiga kwaikwayon abin da ta saba jin mamacin yana faɗa, gaɓa bayan gaɓa, ba tare da ta san me take cewa ba. Bakin tsohuwar lafiyayye ne, bai karkace ba. Matar ta zuba masa ido, ta karanta shi tsaf.

"Mu koma gida."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi keken, ta dubi sawun da ya bari a yashi har bakin ruwa, sannan ta dafe kanta da hannu biyu. Gidan da yake kira yana hannun wasu, shi kuma ƙasar wasu ta riga ta rufe shi.

To ka ji. Hausawa ba su faɗa a banza ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.