Lasisin Gidan Hajja Barira

Karo na biyar ke nan Ustaz Mainasara yake hawa matakalar ofishin mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, fayil a hammata, jan biro a aljihun gaba. Shekara arba'in ba biyu ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, kuma har yau hannunsa bai saba da wani biro ba.

A bayansa Hajja Barira tana hawa a hankali, tana dafa gwiwa. Ita ce mai gidan kula da yara na unguwarsu a Sahafa, inda yara suke zama daga tashin makaranta har iyayensu su dawo daga masana'antun Bahri. Shekara tara tana ba su abincin rana, tana tsare su sai sun gama aikin gida. Wata biyu da suka wuce aka ƙwace mata lasisi, aka garƙame ƙofar da kwaɗo.

Wata wasiƙa marar suna ce ta jawo. Wani ya rubuto wa ofishin cewa ƙa'ida ta ce mai kula ɗaya ga yara goma sha biyar, amma a gidan Hajja mace ɗaya ce ga yara fiye da ninkin haka. Masu duba suka zo, suka ƙirga kawuna, suka rufe. Ba gargaɗi, ba wa'adi, kamar masu rufe rumfar gawayi.

Sati uku bayan haka Ni'mat 'yar Jibirin, mai shekara bakwai, ɗaya daga cikin yaran Hajja, ta taso daga makaranta babu gidan da za ta shiga. Tana wasa a bakin titi raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta kwashe ta. Yanzu tana kwance da karaya biyu a ƙafar hagu.

Tun ranar Ustaz ya ɗauki maganar a kansa, alhali ba shi da ɗa ko jika a gidan. Tagar ɗakinsa ce kawai take kallon tsakar gidan Hajja. Ya bi gida-gida ya haɗa kwamitin iyaye. Ya nemo mata biyu da za su taya ta aiki, ya raka su asibiti aka ba su takardar lafiya. Unguwa ta yi ta sa masa albarka, shi kuwa da an fara sai ya miƙe ya nemi takalmansa. Hajja ta aiko masa da kisra, gurasar dawa, da miya sau uku, sau ukun kwanon ya koma ba a buɗe ba.

Jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin, Sittana, ta gan su ta ajiye kofin shayinta.

"Ya Ustaz, ka sake dawowa?"

"Zan dawo sau ɗari," ya ce, bai zauna ba. "Sashe na uku ya ce a ba da gargaɗi a rubuce. Ina yake? Sashe na shida ya ce a ba da kwana talatin a gyara. Wa ya ba ta ko kwana ɗaya? An rubuto muku ne don ku gyara, ba don ku rushe ba. Yara talatin da huɗu kuka zubar a titi!"

"Talatin da ɗaya masu duba suka ƙirga."

"Uku ba su zo ba ranar."

Ya buɗe fayil ya shiga jerawa a kan teburinta. Rajistar shiga da fita, sunayen masu izinin ɗaukar kowane yaro, takardar akwatin magani. Ya karanta sashe na bakwai, ya karanta na takwas, ya wuce na goma.

Sittana ta bari ya gama.

"Komai ya cika, wallahi, ban ga abin da zan ce ba. Amma kullum kana tsallake na tara. Gidan da aka rufe bisa ƙorafi ba a buɗe shi sai mai ƙorafin ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu cewa ya ga gyara. In bai zo ba, a jira zaman kwamiti, nan da wata takwas."

"Wata takwas!" Hajja ta dafe ƙirji. "'Yata, titin nan ba zai jira wata takwas ba. Kuma ina za mu samo mutumin da ya ɓoye sunansa?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni fa ban riƙe shi ba. Gaskiya ya faɗa, sun yi mini yawa. To wa zan kora? Uwa ta kawo ɗanta tana sauri kar motar aiki ta tafi, in ce mata na cika goma sha biyar?"

Ustaz ya zauna, karo na farko a zuwansa biyar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallon takalmansa.

"Ɗauko wasiƙar," ya ce.

Sittana ta zaro ta daga ƙasan fayil ta shimfiɗa a gabansu. Hajja ta matso da kujera ta ƙura mata ido. Ba ta iya karatu sosai ba, amma wannan ba ya buƙatar karatu: da jan biro aka rubuta ta.

Ustaz Mainasara ya zare bironsa ya sa hannu a ƙasan takardar, kuma jan tawadar bai bambanta ko kaɗan da na layukan da ke samansa ba.