Ranar da Guduma Ya Kama Aikin Koci

Da ƙafa Guduma ya buɗe ƙofar ɗakin 'yan wasa, har sakata ta yi tsalle ta bugi silin.

Guduman nan, lokacin da yake buga baya, duk ɗan gaban da ya yanke shi sai dai ya ba da labari daga gadon asibiti. Shi ya sa da wani kulob ya kama hanyar faɗawa ƙaramin rukuni, Ciyaman ɗinsu ya kira shi a waya jiya-jiya: ga aikin koci, wasa ɗaya ya rage, in an sha kashi kowa ya kama gabansa. Ko fuskar yaro ɗaya bai sani ba. Ga mota ta mutu masa a hanya, bai iso ba sai hutun rabin lokaci. A bakin get ya ji ana cewa biyu da nema.

Ga 'yan wasa nan zaune, sun tuɓe riguna, kowa ya sunkuyar da kai.

"Waye gola?"

Wani dogo ya ɗaga hannu. Marin da ya sha, sai da na kusa da shi ya dafe kunci.

Wani mai kwat ya taso da sauri. "Ranka ya daɗe, ai nan..." Guduma ya sa masa kai a hanci, ya cusa shi cikin kabad ɗin takalma, ya danne da benci.

"Ragwaye! Ƙwallo kuke bugawa ko gaisuwar surukai?"

Ya jawo kyaftin, ya koya musu yadda ake sa gwiwar hannu a haƙarƙari alƙalin wasa bai gani ba. Sau biyu ya nuna, don kyaftin ya faɗi da wuri a na farko. Yaran nan da hotonsa suka girma, duk abin da ya nuna sai su gyaɗa kai.

"Wanda ya dawo ba jini a safarsa, ni zan zuba masa. Ku fita!"

Suka fita kamar an kwance karnuka.

Shi bai bi su ba, yatsansa ya karye a muƙamuƙin gola. Ya tsoma hannu a bokitin ƙanƙara yana saurare. Ihu. Jiniyar motar asibiti. Wani ihun. Duwatsu a kan kwanon rufi.

Suka dawo jina-jina, haƙora ba su cika ba, sun ci uku da biyu. Suka ɗaga shi sama suna rawa.

A haka Ciyaman ya leƙo, riga a yage, goshi na zubar jini. Guduma ya washe baki.

"Yallaɓai, ka ga aiki?"

"Na gani," in ji Ciyaman. "Namu yaran suna ɗaya ɗakin, su ke cin biyu da nema kafin ka iso."