'Yar Farin da Ba Ta Kawo Kuka Gida

Akwai wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli, 'ya'yanta biyu suna karatu a jami'a ɗaya, 'yar fari da auta. Ita autar ba ta barin waya ta huta. Malami ya harare ta, ta kira gida. Ruwa ya ɗauke a makaranta, ta kira. In jarrabawa ta matso kuwa, kuka wiwi, har uwar ta kasa cin tuwo. A lallashe ta, ta fyace hanci, ta koma kan karatunta. Babbar ko kullum maganarta ɗaya: "Lafiya lau, Inna." Sai uwar ta tattara fargabarta duka ta ɗora kan autar. Anya wannan raguwar za ta kai labari? Waccan kam, ai dutse ce.

Ashe ba haka ba. Da sakamako ya fito, mai kukan ta haye. Dutsen nan ce ta faɗi, har ana batun sallamarta daga makarantar. Ta daina barci, abinci ya gagare ta, ta rame kamar sillen kara, amma ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba. Abin ya ɗaure wa uwar kai. Ciki ɗaya, nono ɗaya, tukunya ɗaya, to ta ina bambancin ya shigo? Tana murza tunkuza tana juya zancen a ranta.

Da babbar ta zo hutu, uwar ta zaunar da ita. "Ke, wai me ya hana ki faɗa mini?"

Yarinyar ta ce, "Inna, ai ban san ana kawo miki kuka ba."

Nan uwar ta gane. A garinsu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane ko yana tsala ihu, sai dai kaka ko gwaggo ta ɗauka. Yarinyar tun tana rarrafe ta koyi haɗiye kukanta, da haka ta girma, da haka ta tafi jami'a. Uwar ta goge man hannunta a zane, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya.

"To, kawo shi yanzu."

Gaskiyar Hausawa ce, ruwa ba ya tsami banza.