Ƙwaƙwalwar Mai Gadin Zarto

An yi wani saurayi da ya shekara bakwai a kudu yana aikin kwamfuta. Da ya dawo garinsu ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gida, tasha ta koma bayan gari, rijiyar unguwa an rufe ta da kankare, rabin abokansa sun tafi, sauran rabin sun yi tumbi. Abin da bai canza ba shi ne injin yankan katako na baffansa, da zarton nan da ya cinye wa mahaifinsa yatsu uku tun saurayin yana goye. Mai riƙe da zarton yanzu Sallau ne, wanda suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Saurayin ba mai iya zama ba ne. Kafin sati biyu ya kafa wa injin idon lantarki, ya jona shi da wata 'yar kwamfuta mai aiki da tsarin da ake kira Linux, yadda in hannu ya kusanci zarto za a taka masa birki. Ya sa manhajar gadin a cikin kwantena, wato ɗaki nata na kanta a cikin kwamfutar. Kwamfutar ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, ya ware ɗaya ya ce ta wannan mai gadin ce shi kaɗai, ya kuma ba shi matsayi sama da kowa: in ya yi kira, duk wani aiki ya dakata. Domin irin wannan aiki ba daidai kawai ake so ba, a kan lokaci ake so, amsar da ta makara da ƙiftawar ido da ita da babu duk ɗaya. Ya gwada da karan rake, zarto ya tsaya cak ko ɓawo bai taɓa ba. Sallau ya gatsa raken ya ce, "Kai, ashe tafiyar taka ba gantali ba ce, ɗan kudu!"

Sai ɓarayi suka fara ɗibar katako, baffa ya sayo kyamarori shida ya ce a ɗora su a kan kwamfutar. Saurayi ya yi musu kwantenarsu a kan ƙwaƙwalwa ukun, ba su ishe su ba, hoto na ta tsinkewa. Baffa ya leƙa allo, ya ga layin ƙwaƙwalwa uku sun cika, na huɗu kwance kamar mai azumi. Aka yi masa bayani, ya girgiza kai.

"Ɗana, a gidan nan ba a taɓa kulle ɗaki baƙo na tsaye a waje ba. Rowar ce ka koyo a can?"

Ga ƙanin uba, ga jama'a na zaune, ga shi dama ana cewa ya dawo da girman kai. Kunya ta sa ya buɗe wa kyamarori ƙwaƙwalwa ta huɗu. Hoto bai daina tsinkewa ba, don mai gadi na ture baƙin kowane lokaci. Baffa ya ce ai baƙo ake fara ba ruwa. Saurayi ya daidaita matsayinsu, ya zama kowa sai ya jira layi. Ya sake gwadawa da rake sau ashirin, sau ashirin zarto na tsayawa. Amma da tsakar rana ya yi gwajin, fili babu kowa, kyamarori ba su da abin kallo sai kaji. Ya san haka. Ya ce wa ransa bayan Sallah zai nemo wata kwamfutar.

Ranar Laraba da hantsi motar gungume ta iso, mutum goma sha biyar na kai da kawo, kyamarori shida duk suka dukufa ɗaukar motsi. A daidai lokacin wani kulli a jikin katako ya fizgi hannun Sallau. Idon lantarki ya gani, mai gadi ya yi kira, ya tarar da layi. Jiran bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Birki ya kama, zarto ya tsaya, amma yatsu huɗu na hannun dama suna cikin dusar katako. Kyamarorin kuwa sun ɗauki komai, hoto tar, babu tsinkewa.

Ba wanda ya zargi saurayin, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Baffa ya ce ƙaddara ce. Mutanen gari suka ce da ba don na'urarsa ba da har gwiwar hannu. Saurayi ya je dubiya ya tarar da Sallau na koyon shan fura da hagu, tana zuba a riga. Sallau ya yi murmushi ya ce, "Ɗan kudu, mai gadin naka gyangyaɗi ya yi ne?"

Saurayi ya koma injin, ya fitar da kyamarori daga ƙwaƙwalwa ta huɗu, ya mayar wa mai gadi matsayinsa, ya kulle saitin da kalmar sirri, aikin da bai kai minti biyar ba. Daga nan ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa, wadda ko ƙasanta bai gama kwashewa ba tun dawowarsa. Yana ninke riguna yana jiyo baffa a tsakar gida yana mitar hoto ya koma tsinkewa. Ya ja zif ɗin jakar, ya tambayi ƙarfe nawa motar farko ta kudu ke tashi.

To, ka ji. Hausawa sun gama magana tun kafin a ƙera kwamfuta: taura biyu ba ta taunuwa.