Gonar da Aka Naɗe Kamar Tabarma

Zauna, ɗana, in ba ka misali kafin ka ba mutanen nan amsa a kan gonarka. Wani manomi ne. Ba zan kama sunansa ba, don mace ba ta kama sunan mijinta, ko da ƙasa ta rufe shi.

Yana da fadama a bakin rafi, gadon ubansa. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannunka kamar tuwo. Ba haka aka same ta ba. Kakansa ne ya fara kai mata toka da kashin awaki a mangala, ubansa ya ɗora, shi ma ya ɗora. Albasar da take fitarwa, uku sun cika kwano. Ana nan sai aka soma gina wani katafaren filin ƙwallo a babban birni, saboda gasar da ƙasashe za su zo su buga. Aka yi rumfar ƙarfe, aka jera kujeru har sama, aka kafa manyan fitilu. Abu ɗaya ya rage, ciyawar da za a shimfiɗa. Irinta daga waje aka kawo, kuma ba kowace ƙasa take yarda da ita ba. Mutanen kamfanin da ke aikin filin suka yi ta yawo suna tona gonaki suna ɗibar ƙasa a leda, har suka faɗo kan fadamarsa. Suka ce ya bar albasa ya yi musu renon ciyawa, su ba shi abin da albasar shekara biyar ba za ta ba shi ba. Manomi ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi da ya tsufa yana yaƙi da ciyawa, yau ga masu roƙonsa ya shuka ta. Nan take ya amsa.

Wata huɗu yana ba ta ruwa safe da yamma, har ta yi kore shar. Ranar ɗiba ya wasa laujensa, ya ɗauka yanka za a yi. Sai ga wani inji an sauke daga mota, da faffaɗar wuƙa a cikinsa. Wuƙar ta shiga ƙarƙashin saiwa tana fere fuskar gonar kamar ana fere doya, ana naɗe ciyawar kamar tabarma ana lodawa a tirela. Kowane naɗi da baƙar ƙasa manne a bayansa, kaurin yatsa biyu. Na kawo masa fura, na tsaya ina kallo, na ce, "Malam, ciyawa suka saya ko ƙasa?" Ya ce, "Ke dai, yatsa biyu har wani abu ne? Ƙasa ai ba ta ƙarewa." Ciyawar farko ta ƙone a filin saboda zafin rana, suka dawo. Ta biyu wani babba ya duba ya ce korenta bai kai yadda ake so a talabijin ba, suka dawo. Sau huɗu ana fere fadamar nan.

Da gasar ta zo, ya saka sabuwar hula ya tafi gidan kallo. Mutane suka yi ta tsokanarsa: "Sarkin ciyawa, ga gonarka can, manyan duniya na birgima a kai!" Shi kuwa baki har kunne. Wata guda aka yi ana ihu, aka miƙa kofi, baƙi suka hau jirgi, kamfani ya kwashe injinansa. Da lokacin dashe ya yi, manomi ya ɗauki fartanya ya shiga fadama. Sara ɗaya ƙarfe ya yi ƙara. Jar ƙasa ce ta rage, fako. Ya ba ta ruwa, ruwan ya gangare ya koma rafi. Ya dasa albasa, ta tsaya siririya kamar allura, ta yi ja, ta kwanta. Shekara uku yana zuba taki, abin kamar zuba gishiri a kogi. Nan ya gane abin da mutum uku suka tara ba mutum ɗaya zai mayar ba, balle mai furfura.

Rannan ya shiga mota ya tafi birni da buhu biyu a hammata. Ya tarar da filin a kulle, ya yi ta magiya har maigadi ya bar shi ya shiga. Kujeru sun koɗe, tantabaru sun ɓata rumfa, famfunan ban ruwa sun yi tsatsa, ciyawa ta bushe ƙayau. Ya durƙusa a tsakiyar fili ya tona da yatsa. Ga ƙasarsa nan kwance, ba abin da ya same ta. Ya murza, ya sansana, ya buɗe bakin buhu. Maigadi ya ce, "Baba, me za ka yi?" Ya ce, "Tawa ce, zan ɗan ɗiba." Maigadi ya ce, "Haba Baba, kayan gwamnati ne fa. So kake a kore ni?" Manomi ya karkaɗe hannunsa, ya naɗe buhunan ya fito.

Bai sake taka fadamar ba. Ya koma ƙwadago a gonar maƙwabcinsa, yana dasa albasar wani, har ciwon ajali ya kwantar da shi bara waccan, Allah ya jiƙansa. Filin yana nan a kulle har yau, fadamar kuma ko akuya ba ta tsayawa a cikinta. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.