Wanki Bakwai

Ashar ta uku ce ta tayar da ladan daga ƙofar masallaci. Ya ratsa taron siyasar da ya cika kasuwar Zurmi, ya kama wayar lasifika ya fizge. Muryar ɗan takara ta ɗauke yana tsakiyar zagin uwar abokin hamayyarsa.

"Baba Ladan, lafiya? Kai fa ka ba mu aronta!" in ji ɗan takarar.

"Na ba ka don ka yi zancen rijiya da taki, ɗana. Matan unguwa suka sayar da gyaɗarsu aka sayo ta daga Ƙaura. Wadda kake zagi tana cikinsu."

Magoya baya suka yi masa ihu, wai zai gani bayan zaɓe. Ya saɓa lasifikarsa a kafaɗa, bai waiga ba.

A ranar, da maƙogwaronsa kawai ya kira sallar magariba. Masu zuwa salla suka tarar da shi durƙushe gaban randa, yana wanke bakin lasifikar yana ƙirgawa. Sai da ya cika bakwai, yadda ake wanke ƙwaryar da kare ya lasa.